Gidan gado a hannun mutum da yawa: a yanka, a fansa, a sayar, ko a bar shi a haɗe?

Idan magidanci ya rasu ya bar kuɗi a banki ko shanu a garke, malamin da ya san ilimin gado ba ya wuce yini guda bai fitar wa kowa da rabonsa ba. Gida ne ke tsayar da mutane, domin ƙofarsa ɗaya, zaurensa ɗaya, rijiyarsa ɗaya, ga shi kuma kowane ɗa yana da ɗakin da ya tashi a ciki wanda ba ya son ganin baƙo a bakinsa. Haka abin yake ga 'yan'uwa ko abokan kasuwanci da suka haɗa kuɗi suka sayi fili, daga baya kowa ya so ya kama gabansa. Hanyoyin da ke gaban irin waɗannan mutane huɗu ne: a yanka gidan kowa ya ɗauki sashensa, ko wani daga cikinsu ya fanshi rabon sauran, ko a sayar a raba kuɗi, ko a bar shi a haɗe ana raba amfaninsa.

Akwai abubuwan da idan aka tsallake su, kowace hanya aka bi sai ta rushe. Ba a raba komai sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashin da ke kan mamaci, har da sauran sadakin matarsa idan akwai, an kuma zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba kuma ba magaji aka yi wa ita ba. Idan ya bar mace da juna biyu, malaman Malikiyya na dakatar da rabo har ta haihu. Bayan haka sai a nemo takardun gidan a karanta su da kyau, a ga sunan wanda ke kai, a ga ko an jinginar da shi ga banki, a kuma tantance ko takardar gwamna ce wadda aka fi sani da C of O, ko ta ƙaramar hukuma, ko kuwa takardar ciniki ce kawai mai sa hannun mai unguwa. A wannan mataki ne ake yawan gano cewa shagon da ke jikin gidan an riga an yi kyautarsa, ko ɗakin baya wani ɗa ne ya gina da guminsa.

## Ma'aunan da za a auna da su

Abu huɗu ya kamata a tambaya game da kowace hanya. Na farko shi ne kuɗin da za ta ci kafin kowa ya riƙe nasa, har da asarar da darajar gidan za ta yi. Na biyu shi ne lokaci da zirga-zirgar da take buƙata. Na uku shi ne ɗorewa, wato ko jikoki za su iya tayar da maganar bayan shekara ashirin. Na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne haɗarin da ke kan mai rauni a cikin magada: matar mamaci, 'ya'ya mata da ke gidajen aure, marayu ƙanana, da wanda ya yi nisan tafiya. Babban wa mai kuɗi da baki ba ya rasa haƙƙinsa a kowace hanya.

Domin lissafi ya fito fili, mu ɗauki misali guda. A ce gida ne a kan fili mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100, an yi masa kuɗi naira miliyan 48, mamacin kuma ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa sun riga shi rasuwa. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 6 ke nan. Sauran miliyan 42 za su kasu gida 7, kowane namiji ya sami miliyan 12, kowace mace miliyan 6.

## Yanka gidan

Wannan ce hanyar da fiƙihu ya fara dubawa. Ƙa'idar da Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo, wadda alƙalan Arewa suka daɗe suna aiki da ita, ita ce duk abin da zai rabu ba tare da cutarwa ba a raba shi, wanda kuwa ba zai rabu ba sai da cutarwa, idan ɗaya ya nemi a sayar to a tilasta wa wanda ya ƙi. Rabon kan zo ta fuska biyu. Akwai na ƙuri'a, inda ake daidaita sassan gwargwadon daraja sannan a jefa ƙuri'a, kuma ba ya yiwuwa sai a dukiya iri ɗaya, ba a haɗa gona da gida a ƙuri'a guda, ba a kuma yin cikon kuɗi a cikinsa. Akwai kuma na yardar juna, wanda ya fi faɗi, domin a nan ne wanda ya sami ɓangaren bakin titi zai iya cika wa na ciki da kuɗi, a nan ne kuma ake haɗa uwa da 'ya'yanta a sashe guda, abin da ake kira rabo ɗaki-ɗaki a gidan da ke da mata fiye da ɗaya.

A gona ko babban fili, babu hanyar da ta kai wannan. A gidan cikin gari kuwa, lissafi kan ba da kunya. A misalinmu, rabon kowace mace zai zama ƙafa 25 a 25, kafin a fitar da hanyar shiga ga waɗanda suka faɗo a baya. Wuri irin wannan ba zai ɗauki ɗaki da banɗaki da madafa yadda mutum zai zauna da iyali ba, kuma idan ta tashi sayarwa babu mai saye sai ɗan'uwan da ke maƙwabtaka da ita, a farashin da ya ga dama. Na taɓa tsayawa shaida a wani rabo a cikin birnin Kano, inda magini ya ja igiya daga bakin zaure zuwa katangar baya, igiyar ta ratsa ta tsakiyar bakin rijiya. Aka kai la'asar ana gardamar wa zai matsa, a ƙarshe aka cike rijiyar da ƙasa, ɓangarorin biyu suka koma sayen ruwa a wajen 'yan garuwa.

Kuɗin wannan hanya ya haɗa da na safiyo, da na katanga, da sabuwar ƙofa, da sabon masai, da raba mitar wuta, sannan da na takardu, wanda mutane suka fi mantawa. Sashe na 24 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya ce filin da ke da takardar gwamna ba a raba shi gida biyu ko fiye saboda rasuwar mai shi sai da amincewar gwamna. Ma'anar haka a aikace ita ce sai an bi ta hukumar tsara birane, irin su KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, an kuma bi ta ofishin rajistar filaye, KANGIS ko KADGIS, kafin kowa ya sami takarda da sunansa. Wanda ya ja katanga ya tsaya nan, a idon gwamnati gidan yana nan guda ɗaya da sunan mamaci. Amma idan an kammala takardun, ɗorewarta ba ta da na biyu, domin da zarar an sa iyaka an fitar da hanyoyi, haƙƙin shufa'a, wato damar da abokin tarayya ke da ita ta karɓe rabon da aka sayar wa bare ya biya kuɗinsa, shi ma ya faɗi, kamar yadda hadisin Jabir ya nuna.

## Wani ya fanshi rabon sauran

Malamai suna kiran wannan taharuji, wato magaji ya fita daga cikin gado a kan wani abu sananne da aka ba shi. Yana da asali tun zamanin sahabbai, domin Tumadir, ɗaya daga cikin matan Abdurrahman bin Auf, an yi sulhu da ita a kan rabonta na tumuni aka ba ta kuɗi. Ga yawancin gidajen cikin gari wannan ce hanyar da na fi karkata gare ta, saboda gidan ba ya lalacewa, ba ya barin dangi, ba a biyan la'ada, uwa kuma tana iya ci gaba da zama a ɗakinta idan an rubuta haka.

Sai dai duk alherinta ya rataya ne a kan abu biyu, farashi da lokacin biya. Game da farashi, bai kamata mai saye ya zama shi ne ya kawo mai ƙiyasi ba. Abin da ya fi shi ne a ɗauko mai ƙiyasta darajar gidaje mai rajista, a kuma tambayi dillalai biyu ko uku na unguwar kowa daban, a kwatanta. Kuɗin ƙiyasi kaɗan ne idan aka auna shi da abin da mace za ta rasa idan aka yi wa gidan miliyan 48 kuɗi miliyan 35 a zauren gida, ita tana bayan labule tana jin kunyar yayanta. Kalmar "na yafe" da ake karɓa daga bakin 'yan'uwa mata ranar sadakar bakwai, alhali ba su san nawa suka yafe ba, ita ce tushen shari'o'i da yawa da 'ya'yansu ke ɗaukowa daga baya. Wanda zai yafe ya fara sanin adadin rabonsa da lamba, sannan ya yafe a gaban shaidu. Rabon maraya kuwa babu wanda ke da ikon yafe shi, waliyyinsa ma ba zai sayar da shi ƙasa da daraja ba, shi ya sa duk inda akwai yaro ƙarami ya fi dacewa a yi abin a gaban alƙali.

Game da biya, a misalinmu ɗa guda zai nemo miliyan 36, idan kuma mazan biyu suka haɗu za su nemo miliyan 24. Mutane kaɗan ne ke da wannan a hannu, sai a koma biya kaɗan-kaɗan, a nan ne kuma ɓarna ke shigowa. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen wannan shekara. Wadda aka yi wa alkawarin miliyan 6 a farkon 2023 aka cika mata bayan shekara biyu, ta karɓi adadin da aka faɗa, amma abin da zai saya mata na bulo da siminti ya ragu ƙwarai, gidan kuwa yana hannun ɗan'uwanta yana ƙara daraja. Saboda haka a taƙaita wa'adin, wata uku zuwa shida, kada a sauya suna a takarda sai an gama biya, a kuma rubuta cewa idan wa'adi ya wuce za a sake ƙiyasi ko a fitar da gidan kasuwa.

## A sayar a raba kuɗi

Ta fuskar lissafi wannan ce mafi tsabta, domin kuɗi suna rabuwa har kwabo, babu mai cewa an ba shi lungu. Ita ce kuma inda kotu kan ƙare idan gida ba ya rabuwa magada kuma sun kasa jituwa. Wanda ba ya son a sayar bai rasa komai ba, tunda malaman Malikiyya sun ba shi damar ya karɓe gidan a kan farashin da ya kai a kasuwa, idan yana da halin biya.

Akwai bambanci babba tsakanin sayarwa cikin natsuwa da sayarwa bisa umarnin kotu. Idan magada suka wakilta mutum biyu, ɗaya daga kowane ɗaki, suka ba dillalai lokaci, ana samun farashi mai kyau, ko da za a cire la'ada, wadda aka saba ji kashi 5 cikin 100 kuma ana ciniki a kanta. A misalinmu miliyan 2 da dubu 400 ke nan. Gidan da aka san ana shari'a a kansa kuwa, masu saye kan taya shi da arha, domin sun san masu shi sun gaji. Mai saye mai hankali zai nemi sa hannun kowane magaji, zai kuma nemi amincewar gwamna da sashe na 22 na dokar filaye ya wajabta, wadda Kotun Ƙoli ta ƙarfafa a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Ya kamata a yi magana tun farko kan wanda zai biya kuɗin amincewar da na hatimi da na rajista.

Haɗarin yana kan wanda gidan ne matsuguninsa. Mai takaba tana da haƙƙin zama har ta cika wata huɗu da kwana goma, amma bayan nan miliyan 6 ba za su saya mata gida a unguwar da ta shekara talatin a ciki ba, kuɗi a hannu kuma ba sa jimawa idan masu buƙata sun kewaye su. Wani kuskuren da ake yi shi ne magaji ɗaya ya gaji da jira ya sayar wa bare da rabonsa tun ba a raba ba. Sauran suna da shufa'a, za su iya mayar wa baren kuɗinsa su karɓe rabon, wanda ke gari yana da kimanin shekara guda ya nemi wannan haƙƙi, wanda ba ya nan kuma haƙƙinsa na jiransa har ya dawo.

## A bar shi a haɗe

Ba ta cin ko sisi a yau, shi ya sa ta fi kowace yawa. Fiƙihu ya san ta da sunan muhaya'a, wato a raba amfani a bar asali, ko dai kowa ya riƙe wani sashe na wani lokaci, ko a ba da haya a raba kuɗin bisa rabon gado. Tana da ma'ana ga gidan haya ko jerin shaguna masu kawo kuɗi, da kuma gidan da tsohuwa ke ciki ba a son tayar da ita.

Matsalarta ita ce magada ba sa tsayawa yadda suke. Idan ɗaya daga cikin mazan nan biyu ya rasu ya bar mata 2 da 'ya'ya 7, masu gidan sun tashi daga 6 sun koma 14, an shiga lissafin da malamai ke kira munasaha, gado a cikin gado. Wanda ke zaune a ciki yana gyaran rufi yana ƙara ɗaki, 'ya'yansa suna tashi da ganin gidan ubansu ne, bayan shekaru kuma sai a ji ana kafa hujja da daɗewar riƙo, wato hauzi, wanda kotunan Arewa suka sha ambata shekara 10 a kansa tsakanin bare da 40 tsakanin dangi. Idan har za a bi wannan hanya, a rubuta rabon kowa da lamba, a sa wa'adi, a naɗa mai karɓar haya, a buɗe asusun banki na gidan, a kuma fayyace ko wanda ya yi gini a ciki za a biya shi ranar rabo.

| Hanya | Kuɗin da take ci | Lokaci da wahala | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Yanka | Mai yawa: awo, gini, sababbin takardu | Doguwa | Sosai, idan an yi takardu | Sashe ya yi ƙanƙanta, daraja ta faɗi |
| Fansa | Kaɗan: ƙiyasi da sauya suna | Gajeriya idan akwai kuɗi | Sosai, bayan an gama biya | Karya farashi, jinkirin biya |
| Sayarwa | Matsakaici: la'ada da kuɗin takardu | Ya danganta da kasuwa | Sosai | Rasa matsuguni, arhar gaggawa |
| Bari a haɗe | Babu a farko | Sauƙi yau, wahala gobe | Rauni | Yawaitar magada, mamaye gida |

## Inda za a ɗaure maganar

Zaɓen hanya rabin aiki ne, saura wurin da za a tabbatar da ita. Zama a gida da malami da mai unguwa da dattawan dangi shi ne mafi arha da rufin asiri, Hisba ma tana yin irin wannan sasanci a Kano da wasu jihohi, sai dai takardar da ta fito daga nan shaida ce kawai, ba ta da ƙarfin da za a aika ma'aikacin kotu ya zartar da ita. A Kano akwai cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha tun 2009, irinta kuma ta riga ta buɗe a Legas a 2002 da Abuja a 2003, dokar sasanci ta tarayya ta 2023 kuma ta amince a zartar da yarjejeniyar da aka cimma ta wannan hanya kamar hukunci.

Abin da na fi ba da shawara a kai shi ne a gama jituwa a gida, sannan a ɗauki takardar a kai Kotun Shari'ar Musulunci mai hurumi, kowa ya tsaya gaban alƙali ya ce ya yarda, a mayar da sulhun hukunci. Kotu tana karɓar wani kaso bisa jadawalinta, abin da aka saba kira ushira, don haka a tambaya tun kafin a shigar, a kuma karɓi rasit. Wannan kuɗi bai kai na shari'ar da za ta tashi daga ƙaramar kotu zuwa ta sama, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ikon duba al'amuran gado, ba. Idan kuwa gardamar ta koma ta mallaka, wani ya ce gidan ma ba na mamaci ba ne, to ga filin da ke da takardar gwamna sashe na 39 na dokar filaye ya ba Babbar Kotun Jiha hurumi ita kaɗai, kuma an sha rushe hukunci bayan shekaru saboda an fara a kotun da ba tata ba. Takardar sulhu ta ƙunshi sunan kowane magaji, iyakokin gida ta fuska huɗu, darajar da aka amince, rabon kowa, ranar biya, da wanda zai riƙe asalin takardu. Wanda ke nesa ya aiko da wakilci a rubuce, kada a wadatu da kiran waya.

## Wace hanya ga wa

Masu gona, ko fili babba, ko gidaje da yawa da za su ishi kowane ɗaki ya sami guda, su yanka ko su raba gida-gida da yardar juna, a cika wa wanda nasa ya gaza da kuɗi. Masu gida ɗaya a cikin gari, idan a cikinsu akwai mai halin biya cikin 'yan watanni, fansa ta fi musu, bisa sharaɗin ƙiyasi daga waje. Inda 'yan'ubanci ya yi ƙarfi har ba a gaisawa, ko magada suka warwatsu a garuruwa kowa na buƙatar jari, sayarwa ta fi, kuma gara su sayar da kansu kafin kotu ta sayar musu. Inda akwai uwa tsohuwa a ciki, a bar shi a haɗe har iya rayuwarta, amma a rubuta rabon yanzu, a kuma rubuta hanyar da za a bi bayanta. Inda akwai marayu ƙanana da gidan haya mai kawo kuɗi, barinsa a haɗe ƙarƙashin kulawar kotu har su mallaki hankalinsu ya fi a damƙa wa wani kuɗinsu ya juya.

Abokan da suka haɗa kuɗi suka sayi fili ba ruwansu da tumuni ko sudusi, rabonsu yana bin abin da kowa ya zuba ne, don haka rasit da shaidar tura kuɗi ta banki su ne farkon abin da za su tattara. Idan filin ba a gina shi ba kuma zai fitar da fuloti biyu cikakku, su yanka. Idan ba zai fitar ba, ɗaya ya faɗi farashi, ɗayan ya zaɓa ko ya saya ko ya sayar a kan wannan farashin.